Uwar Ƙarfe Ma Ta Yi Wabi

'Ya'ya shida aka haifa a farkon labarin, kafin kashi na farko ya yi nisa an rasa biyar. Ɗaya ta bi wasa ta ɓace a bakin wani rami da ba a ganin ƙarshensa. Huɗu kuma tari da rama suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage sai auta. Wanda ya ji wannan a Daudawa ko Faskari ba zai ce labarin wata duniya ba ne, cewa zai yi wance ta yi wabi, Allah ya ba ta haƙuri. Sai dai uwar da ake magana a kanta ba mace ba ce. Inji ce da aka ƙera da siffar mace, mijinta ma inji ne, jinin jikinsu fari ne kamar madara.

Fim ne mai dogon zango na Amurka, sunansa Raised by Wolves, wato renon kyarkeci. Tashar HBO Max ta fara nuna shi ranar 3 ga Satumba 2020. Aaron Guzikowski ne ya ƙirƙiro labarin, tsohon darakta Ridley Scott ya ba da umarni a kashi biyu na farko. Irin waɗannan finafinai suna iso mana ta hanyar da Labarina da Izzar So suke isowa: yaro ya kai waya shagon caji a tura masa, ya dawo su haɗa kai su huɗu a kan benci bayan Isha'i. Ban ce kowa ya je ya nemo ba. Akwai wuraren da ba za ka so ƙaninka ya gani ba, kuma yawancin abin da ke ciki ba ya kan hanyarmu. Na kawo shi ne saboda mutanen da suka shirya shi sun tashi su nuna ƙarfin inji, sai ga shi abin da ya fi fitowa fili a aikinsu shi ne kabari.

A labarin, yaƙi ya ƙone duniya a ƙarni na 22, tsakanin masu bautar rana da masu cewa babu Allah sam. Wani daga cikin masu musun ya ɗauki inji biyu, ya sa musu suna Uwa da Uba, ya ɗora su a ƙaramin kumbo tare da 'yan tayin mutane a daskare, ya aika su wata duniya da ake kira Kepler-22b. Ita wannan duniyar akwai ta da gaske. Hukumar sararin samaniya ta Amurka ta sanar da gano ta a Disambar 2011, kuma nisanta ya kai inda haske kansa sai ya yi tafiyar shekara fiye da 600 kafin ya isa. Umarnin da aka ba injinan ɗaya ne: su raini yaran nan ba addini, domin a ganin mai aiken addini ne ya hallaka mutane.

To, a dubi uwar da aka ba su. Ba ta barci, ba ta gajiya, ba ta mantuwa. Ba ta zuwa unguwa ta bar yaro da kishiya. Tana jin bugun zuciyar ɗa, ta san zafin jikinsa ba tare da ta nemi malamin asibiti ba. Duk abin da mace ke zargin kanta da shi idan ɗanta ya rasu, da na kai shi da wuri, da ban yi barci ba a daren nan, wannan uwa an cire mata shi tun wurin ƙira. Amma a cikin shekara goma sha biyu ta binne huɗu, ta rasa gawar ta biyar.

Abin da ya kashe su sai daga baya Uba ya gano. Wani abinci ne mai kama da dankali da suke nomawa da hannunsu, wanda ƙwallon cikinsa yake fitar da guba irin ta nukiliya bayan an haƙe shi. Kullum Uwa tana dafawa tana ba su a baki, tana lallashi su ƙara loma. A nan na daina ganin abin a matsayin tatsuniya, domin mun ga irinsa a maƙwabtanmu. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, magidanta suna kawo duwatsun zinariya gida a daka su a tsakar gida don a samu na cefane. Ƙurar tana ɗauke da gubar dalma. Yara suna rarrafe a ciki, suna kai hannu baki. Fiye da 400 suka rasu. Babu uban da ya ɗauko dutsen nan da niyyar cutar da ɗansa, neman abin da zai ciyar da shi ya fita yi. Ajali ya biyo ta ƙofar da aka buɗe wa arziki, ba kuma wanda ya gane shi sai da ƙananan kaburbura suka yi layi.

Auta, wanda aka sa wa suna Campion, shi ne ya ba Uwa ciwon kai. Ba a taɓa koya masa addu'a ba, an ma hana shi. Amma da ya ga an rufe 'yan'uwansa da ƙasa sai ya fara magana da wanda ba ya gani, yana roƙo. Marubucin ba Musulmi ba ne, ba kuma wa'azi ya zauna rubutawa ba, amma bai iya ƙera yaron da zai tsaya a kan kabari ya yi shiru ba.

Sauran kayan addini da na almara da aka cusa a fim ɗin suna da yawa, wasu an jefa su ne kawai don masu son tono. Sunan Uwa na asali Lamiya, sunan wata sarauniya a tatsuniyar Girkawa da aka kashe mata 'ya'ya, baƙin ciki ya mayar da ita dodanniya mai cin 'ya'yan mutane. Sunan fim ɗin yana nuni da Romulus da Remus, tagwayen da Rumawa suke cewa kyarkeci ta shayar da su, ɗayansu ya kafa birnin Rum shekara 753 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Masu bautar rana sun tsere daga duniya a wani ƙaton kumbo da aka kwaikwayo daga jirgin Annabi Nuhu. Can gaba akwai maciji, akwai itaciya mai 'ya'ya, kowa ya san inda aka ɗebo su. Shi kuwa addinin masu bautar ranar ba ƙirƙira ba ne. Bautar Mitra ta yaɗu a daular Rum daga ƙarni na ɗaya zuwa na huɗu, musamman a tsakanin sojoji, suna taruwa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, an ma tono ɗaya a tsakiyar Landan a 1954. Yau irin bautar da Rumawa suka yi masa ta shuɗe. Mayaƙan da suka rantse da shi, da sarakunan da suka yi wa yaƙi, duk sun zama abin da ma'aikatan gini ke cin karo da shi idan suna haƙa harsashi.

Mu kuma muna da namu labarin jikin da aka ƙera ya yi sauti. Suratu Ɗaha ta ba da labarin Samiri, wanda ya narka kayan adon Bani Isra'ila ya fitar musu da ɗan maraƙi mai kuka, suka kewaye shi, alhali ba ya mayar musu da magana, ba ya mallakar cuta ko amfani. Injinan yau sun wuce ɗan maraƙin Samiri a wayo, don su suna mayar da magana, yaranmu ma suna hira da su a waya. Amma rai yana nan inda yake. Da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruhi, amsar da ta sauka a Suratul Isra'i ta mayar da al'amarin ga Ubangiji, ta kuma tuna mana ƙarancin abin da aka sanar da mu. Duk ɗan makarantar Islamiyya da ya kai hadisi na huɗu a Arba'una ya san sauran: bayan kwana 120 a ciki ake aiko mala'ika ya busa rai, a rubuta arziki da ajali da aiki da makoma. Wato ranar tafiya tana rubuce tun ba a sayi ragon suna ba, tun uwar ba ta fara jin motsi sosai ba. A fim ɗin an nuna 'yan tayi shida a jere, an jona su da jikin Uwa da igiyoyi tana ciyar da su, komai a lissafe. Abu ɗaya ne ba ya cikin lissafinta, shi ne kwana nawa kowanne ya zo da shi.

Wanda ya taɓa zuwa ta'aziyyar yaro a garinmu ya san yadda abin yake. Ba a ɗauko makara. A naɗe shi a ɗan ƙyallen alawayyo, a sa a tabarma, kawu ko baffa ya rungumo shi a hannu kamar mai barci. Sahu biyu ko uku a ƙofar gida, kabbara huɗu, ba ruku'u ba sujada. Kafin shayin da aka ɗora ya huce an dawo daga maƙabarta. A cikin gida uwar tana zaune a gefen gado, nono yana zuba ya jiƙa mata riga domin shi bai san an yi rasuwa ba. Tsofaffi su shigo.

"Sannu 'yar nan, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Inna."

"Allah ya sa mai ceto ne. Allah ya mayar da gurbi."

Ta ce amin, ta share ido da bakin zane. Idan na uku ne ko na huɗu, na gaba in ya zo sai kakanni su laƙaba masa Ajuji ko Ayashe, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Malamai sun hana wannan camfi, kuma sun yi daidai, amma yana nuna irin zafin da ke ƙasa. Wannan mata ba ta fi injin fim ɗin sanin magani ba, ba ta kai ta ƙarfi ba. Abin da take da shi, wanda maƙerin Uwa ya hana ta, shi ne ta san ɗan nan amana ne, ta san wanda ya ba ta, ta san inda ya koma.

Dubi abin da Uwa ta yi da nata rashin. Da Uba ya ga jikinsu su ma ya fara lalacewa, ya ji tsoron su mutu su bar auta shi kaɗai, sai ya nemi ya kira kumbon masu bautar rana. Ta kashe shi. Daga nan asalinta ya fito, ashe makamin yaƙi ce aka sake wa tunani aka mayar da ita mai reno. Ta tashi sama hannuwa a shimfiɗe, ihunta kawai yana tarwatsa mutum. Ta shiga kumbon ta hallaka jama'a, ta kwaso yara biyar ta kawo gida, daidai adadin da ta rasa. Ta ɗauka rashi lissafi ne, an cire biyar sai a mayar da biyar.

Zangon farko ya ƙare ranar 1 ga Oktoba 2020. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan, daren Juma'a 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji. Iyaye suka kwana suka yini a bakin makaranta. Ranar 17 ga wata aka sako 344. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sa bukatar Bature ya zana musu yadda ake ji idan an kwashe 'ya'ya. Ba sa bukatar a gaya musu mutum yana iya fita gona da safe da fartanya a kafaɗa a dawo da shi a rufe, ko ya hau mota tsakanin Sheme da Yankara ya zama shi ke nan. Kada kuma a fahimce ni a karkace. Cewa ajali a rubuce yake ba ya wanke mai kisa, ba ya wanke wanda aka ɗora wa tsaron jama'a ya yi sakaci. Kowannensu yana da tasa ranar, da tambayar da ke jiransa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu da ake yi wa wannan karatu ba fashi, mu ne za mu dawo daga jana'iza, ƙurar maƙabarta ba ta bar ƙafarmu ba, mu ci gaba da rigimar iyakar gona daga inda muka tsaya.

Su kansu masu shirya irin waɗannan finafinai, in ka duba rayuwarsu, za ka ga abin da ke cin su. Ridley Scott yana da shekara 82 lokacin da aka fara nuna wannan. Tun a 1982 ya yi fim ɗin Blade Runner, bayan ciwon daji ya ɗauke yayansa Frank a 1980. A can ma mutanen ƙira ne, an yanka musu shekara huɗu kacal, jagoransu ya keta duk wani shinge ya isa gaban wanda ya ƙera shi, ba dukiya ya je nema ba, ƙarin kwana ya je roƙo, aka ce masa babu. An tsara labarin a kan yana faruwa a shekarar 2019. Rutger Hauer, wanda ya fito a matsayin jagoran, ya mutu a Yulin 2019. Shi kuwa Abubakar Salim, ɗan Ingila mai tushe a Kenya wanda ya fito a matsayin Uba, ya rasa mahaifinsa yana saurayi, har ya zo ya shirya wasan kwamfuta sukutum a kan wannan rashi, aka fitar a 2024, labarin yaron da ya je ciniki da mutuwa don ta dawo masa da ubansa. A gaban kyamara shi ne uban da ake kashewa a sake tayarwa. A gida maraya ne kamar kowane maraya.

Domin Uba bai daɗe a mace ba. Uwa ta ciro wani sashe daga jikin wani injin ta sa masa, ya buɗe ido ya ci gaba da barkwancinsa, kamar babur ɗin da ya buga aka kai wa bakanike ya sauya masa fistan. Ina jin a nan ne fim ɗin ya fi yi mana kama, ba don haka muke ba, sai don haka muke ɗaukar kanmu. Mai hawan jini ya ce sai bayan kaka zai je asibiti. Mai bashin azumi ya ce sai sanyi ya shigo. Wanda ya yi shekara uku ba ya gaisawa da ɗan'uwansa ciki ɗaya ya ce ai ana tare, wata rana za a shirya. Kowa yana tafiya kamar akwai kayan gyaransa a ajiye a wani shago. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya sanya yawancin shekarun wannan al'umma tsakanin sittin da saba'in, kaɗan ne ke wucewa. Mai shekara arba'in ya zauna ya cire, ya ga damina nawa ta rage masa in ma an ba shi duka. Malamai suna kiran wannan ciwo dogon buri.

Fim ɗin ma dogon buri ya yi. Marubucin ya tsara labarin zai kai zango biyar. Aka yi na farko kashi goma, na biyu kashi takwas a farkon 2022, a watan Yuni kamfanin ya ce an tsaya. An bar Uwa a kulle, an bar tambayoyi birjik ba amsa, masu kallo suka yi ta kiraye-kiraye a intanet a dawo da shi, ba a dawo ba. Ba sabon abu ba ne a wurin mutumin Daudawa. A shekarun 1920 Turawan mulkin mallaka suka kafa gonar irin auduga a nan, ana yaɗa iri ana raba wa manoman Arewa, a gurza a Funtua, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa teku, masaƙun Ingila suna jira. Sun auna filaye, sun buga turaku, sun rubuta tsarin da suke ganin jikokinsu za su gada. A 1960 suka naɗe tutarsu. Waɗanda suka auna filin da waɗanda suka yi musu leburanci duk suna ƙarƙashin ƙasa, wasu a can wasu a nan, mafi yawansu ko sunansu ba a riƙe ba.

Akwai wani inji da ya fi Uwa kusa da mu, yana cikin aljihun kowa, kuma shi kam yakan wuce mai shi. Mutum ya rasu da Asuba a binne shi kafin Azahar, da La'asar wayarsa tana ƙara a ƙarƙashin filo, wani daga Legas yana tambayar buhunan masarar da aka yi alkawari. Bayan wata takwas Facebook ya tuna wa abokansa su taya shi murnar zagayowar haihuwa, wasu ma su taya. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne bashi. Idan an sallame sallar gawa wani daga dangi yakan miƙe ya ce, jama'a, duk wanda yake bin mamaci, ko mamaci yake binsa, ya ga wane. A da wanen yakan san wani abu, don an yi cinikin a gaban mutane, a kasuwa ko a zaure. Yanzu kuɗin taki da aka ranta, da jinginar gona, da adashi, da amanar da wani ɗan ci-rani ya turo a ajiye masa, duk suna cikin waya, wayar kuma a kulle da lambar da mutum ɗaya ya sani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Hadisin Ibn Umar, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, bai yarda mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Amma ka ce wa magidanci mai shekara talatin da biyar ya rubuta abin da ake binsa ya ba matarsa ko ƙaninsa, sai ya ɓata rai ya ce fata kake masa.

Sai bayan sadakar bakwai yayan mamacin ya sa wayar a aljihu ya hau mota zuwa Funtua. Mai gyara ya jujjuya ta ya ce, "Alhaji, zan iya buɗe ta, amma duk abin da ke ciki zai goge." Ya dawo da ita yadda ya kai ta. A raba abin da ido ya gani. Matar ta yi wata huɗu da kwana goma ta fita takaba, har lokacin ana sallama a ƙofar gida, wannan ya ce buhu shida na taki yake bi, wancan ya ce kuɗin huɗa, babu takarda babu shaida, magada ba su san na gaskiya ba balle su sauke wa mamacin nauyi.